Me ya sa rumbun bayanai bai san rabin shekara ba?

Duk akawun da ya taɓa haɗa rahoton wata shida da kwamfuta ya san wannan ciwon kai. Ka ce wa rumbun bayanai ya tara maka ciniki wata-wata ko shekara-shekara, nan take zai yi. Ka ce rabin shekara kake so, sai ya ce bai san zancen ba.

Tushen abin yana cikin ƙa'idar SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, wadda ISO, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ke kula da ita. A umarnin EXTRACT, mai ciro wani ɓangare daga kwanan wata, abin da ƙa'idar ta amince da shi shi ne shekara, wata, rana, awa, minti da daƙiƙa, sai bambancin agogo tsakanin yankuna. Ko kwata, wato wata uku, ba ya ciki. Masu ƙera manhajojin ne suka ƙara shi don kansu. PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, ya ma zarce: umarninsa na date_trunc, mai mayar da kwanan wata zuwa farkon zangon da aka zaɓa, yana karɓar mako, kwata, shekara goma, ƙarni, har shekara dubu. Wa ke lissafin ciniki da shekara dubu? Amma wata shida babu.

Masu son a ƙara rabin shekara suna da hujja. Bankuna da kamfanoni na fitar da sakamakon rabin shekara, manhajar ƙididdiga ta SAS tana da SEMIYEAR, wato rabin shekara, kuma ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ISO 8601-2 ta 2019 ta ba shi lamba: 2024-40 rabin farko ne na 2024, 2024-41 na biyu.

Masu adawa kuwa tambayarsu ita ce: rabin shekarar wa? Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, ta Najeriya kuma Janairu. Sannan rabin ba daidai yake ba: Janairu zuwa Yuni kwana 181 ne, ko 182 idan Fabrairu ta kai 29, Yuli zuwa Disamba kuwa 184. A ganina wannan hujjar ba ta da ƙarfi, don kwata ma haka yake, kuma an karɓe shi. Wadda ta fi kama hankali ita ce, duk kalmar da ta shiga irin wannan umarni ba ta fita, ga shi kuma lissafin gano rabin da wata ya faɗa ba wuya.

Ɗauki Agusta, wata na 8. Cire 1, saura 7. Raba da 6, ka yar da ragowar, ka samu 1. Ƙara 1, ya zama 2: rabi na biyu ke nan. Kada dai ka nemi mafita a date_bin, umarnin kasa lokaci zuwa tazarar da ka zaɓa, da ya zo da PostgreSQL 14, don ba ya karɓar tazarar da aka auna da wata.