Mukim da ɗibbul usra: wace igama ce likita yake yi, kuma wane ne likitan iyali?

Ranar da sakamakon rabon guraben horon likitoci ya fito 'yar yayata ta turo saƙo a gurup ɗin gidanmu na WhatsApp, layi ɗaya tak, wai alhamdulillah an ɗauke ta mukima a ɗibbul usra, wato likitancin iyali, a nan Makka. Kafin la'asar Yaya ta kira ni muryarta ba daɗi, ta ce kai da kake cikin harkar asibiti ka faɗa min, yarinyar da aka haifa a Shara Mansur, ubanta ɗan ƙasa kakanta ɗan ƙasa, me ya haɗa ta da igama, takardar zaman baƙi, kuma? Sannan wannan usra ɗin ba shi ne likitan mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, mai rubuta Panadol ba, shekara bakwai tana karatu a nan za ta ƙare? Ni ba likita ba ne, a saidaliyya, wato kantin magani, nake aiki, amma tambayoyin nan biyu na sha jin su a bakin mutanenmu na Makka da Jidda da Madina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na faɗa mata.

Ta farkon ta fi sauƙi. Mu a nan da ka ji an ce mukim hankalinka igama yake tafiya, don haka ake kiran baƙo mai izinin zama, da kafili da sabuntawa da jawazat, ofishin shige da fice, to a asibiti kalmar ba ta da alaƙa da wannan ko kaɗan. Ɗabib mukim shi ne likitan da ya gama jami'a, ya gama shekarar imtiyaz ta koyon aiki a asibiti, ya shiga horon ƙwarewa a fanni ɗaya ƙarƙashin manyan likitoci. Fassara ce Larabawa suka yi wa kalmar Turawa, residansi, wato zama a wuri. Asalin abin daga Amurka ne, a asibitin Jons Hofkins da aka buɗe a 1889, inda irin su Wiliyam Osla suka tsara cewa ƙananan likitoci a cikin asibitin za su riƙa kwana, nan ne ɗakinsu nan ne wajen aikinsu, dare da rana suna kusa da majinyata. Yanzu ba wanda yake tarewa a asibiti sai dai kwanan munawaba, wato kwanan aiki na karɓa-karɓa, amma sunan ya zauna. Kenan ɗan ƙasa yana zama mukim, mai igama ma yana iya zama mukim, sai dai shi hanyarsa ta fi ƙunci saboda guraben 'yan ƙasa ake fara ba.

Wadda take kula da duk wannan ita ce Hai'a, Hukumar Fannonin Lafiya ta Saudiyya da aka kafa a 1992. Yaro zai yi shekara 6 a kwalejin likitanci, ko Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda ko wata, ya ƙara shekarar imtiyaz, ya zauna jarrabawar lasisi da suke kira SMLE, sai a haɗa makinta da sakamakon jami'a da 'yan abubuwan da ya tara na bincike da aikin sa kai. Da wannan makin zai jera fannonin da yake so a shafin Hai'a, a kira shi mukabala, wato intabiyu, a cibiyoyin horo, shi ya jera cibiyoyin da ya fi so su ma su jera waɗanda suka fi so, kwamfuta ta haɗa. Horo yana farawa 1 ga Oktoba. Mukim yana karɓar albashi, ba ɗalibi ba ne mai jiran a ba shi kuɗin mota, kuma in ya gama ya ci jarrabawar ƙarshe ta ƙwarewa da suke kira bod sai ya zama na'ib awwal, matakin da ke ƙasa da na babban likita, bayan wasu shekaru na aiki ya zama istishari, wato babban likitan, kamar kowane ƙwararre.

To yanzu ɗibbul usra, a nan ne nake so in daɗe don a nan rainin yake. Da Hausa mu ce likitancin iyali. Abin da yake ruɗa mutane shi ne akwai ɗabib am, likitan da ya gama jami'a bai shiga wani horo ba, shi ma a markaz sihhi, cibiyar lafiya ta unguwa, yake zama, ɗakinsu ɗaya da likitan iyali farar rigarsu ɗaya, sai mai zuwa ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Likitan iyali ya yi shekara 3 cur na horo bayan imtiyaz, da can ma 4 ne aka rage, yana zagaya baɗina, sashen cututtukan cikin jiki na manya, da sashen yara da na mata da haihuwa da ɗawari, wato sashen gaggawa, da fata da lafiyar ƙwaƙwalwa da ido da kunne, yana komawa iyada, ɗakin ganin likita, yana ganin marasa lafiya wani babba yana duba aikinsa. Sauran ƙwararru kowa ya ɗauki gaɓa ɗaya ko shekaru ɗaya ya nutsa a ciki, wannan na zuciya wannan na ƙoda wannan na yara, shi kuma na iyali abin da ya ƙware a kai shi ne mutumin gaba ɗayansa da gidan da ya fito, tun daga rigakafin jariri har zuwa tsohuwar da ba ta iya tashi sai an je gida an duba ta. Ba sabon abu ba ne, Ingila ta kafa kwalejin irin waɗannan likitoci tun 1952, Amurka ta amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1969, taron Alma Ata na 1978 kuma ya ce kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi. A gida Najeriya ma akwai shi, wanda ya taɓa zuwa asibitin Malam Aminu Kano ya bi ta GOPD, sashen da ake fara duba mara lafiya, a hannunsu ya fara faɗawa. 'Yan uwanmu na Sudan su ma sun san shi, Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ta fara wani babban shiri na horar da likitocin iyali a 2010 suna aiki suna karatu a cibiyoyin ƙauyuka.

Ni abin da ya sa na yarda da fannin nan ledar magani ce. Kullum a gaban kanta sai tsoho ya zo min da leda cike, wannan likitan zuciya ne ya rubuta, wannan na suga, wannan na ƙashi saboda ciwon gwiwa, wannan kuma wani ne ya kawo masa tsaraba daga Kano, kowane likita ya yi daidai a ɓangarensa amma ba wanda ya zazzage ledar a kan tebur ya kalle ta duka. Haka ta faru da Hajiyarmu Allah ya ƙara mata lafiya, ta yi wata da watanni tana shan maganin ciwon gwiwa irin wanda yake taɓa ƙoda yana kuma tayar da hawan jini, ana ta ƙara mata maganin hawan jinin ana mamakin ya ƙi sauka, sai wata likitar iyali a markaz ɗin unguwa ce ta ce a kawo mata duk abin da take sha har da na gargajiya, ta zauna ta ware su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban manta ranar ba, ba wata na'ura ba wani tiyata, tambaya ce kawai da haƙurin sauraro. Kuma a ƙasar da da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai suga ko mai hawan jini ba, wanda zai riƙe mutum shekara goma yana bin awonsa, ya daidaita masa magani kafin azumi ya gaya masa yaushe ne dole ya karya, ya tura shi a duba idonsa da ƙafarsa kafin abu ya lalace, wannan ba ƙaramin likita ba ne. Ga kuma gwajin kafin aure da aka wajabta tun 2004 saboda sikila da talasimiya, ita ma cutar jini ce ta gado, mu da sikila ta yi wa illa mun san darajar wanda zai zaunar da saurayi da budurwa ya yi musu bayanin sakamakon cikin mutunci.

Da na tambayi ita yarinyar dalilinta ba ta yi min dogon turanci ba. Ta ce Kawu, a imtiyaz na yi wata biyu a tiyata na ji daɗin aikin, amma mutum zai zo a yi masa aiki a sallame shi shikenan ban sake sanin ya ya ƙare ba, ni kuma ina so in san ƙarshen labarin. Ta ce kuma ba zan ɓoye maka ba ina so in yi aure in ga 'ya'yana. Wannan dalilin na biyu wasu suna jin kunyar faɗarsa, ni ban ga abin kunya ba. Tiyata shekara 5 ne, tiyatar ƙwaƙwalwa 6, baɗina da yara 4, da kwanan asibiti da ba ya ƙarewa ko bayan an gama, shi kuwa na iyali in ka wuce zagayen asibiti yawancin aikinka na iyada ne, ka san lokacin shigarka ka san na fitarka. Sannan ƙofa ba ta rufe ba, bayan bod akwai zamala, wato ƙarin horo, a ciwon suga ko kula da tsofaffi ko kula da masu ciwon da ya yi nisa, ga koyarwa ga shugabancin cibiyoyi, gwamnati ma a tsarinta na ci gaban ƙasa, Ru'uya 2030, ƙarfinta ta karkata shi ga matakin farko, shi ya sa yanzu mau'idi, wato lokacin ganin likita, ta manhajar Sehhaty ake kamawa kuma sai an bi ta markaz ake samun tahwil, takardar turawa zuwa babban asibiti. Eh akwai wanda makinsa ne bai kai fata ko ido ba ya faɗo nan, ba za a ce babu ba, kuma ana gane shi daga yadda yake kallon allon kwamfuta maimakon fuskar mara lafiya. Aikin ma yana da nasa ciwon kan, layi ya yi tsawo minti kaɗan ne rabon kowa, rubuce-rubucen sistem ba ya ƙarewa, ga wanda zai shigo ya ce shi tahwil kawai yake so a ba shi ya tafi wajen likitan gaske. Wannan maganar tana yi musu ciwo sosai, dan Allah mu daina faɗarta.

Sai zaɓen cibiya, don fanni ɗaya ne manhaja ɗaya ce jarrabawa ɗaya ce amma inda ka yi horon yana canza irin likitan da za ka zama. Akwai shirye-shiryen ma'aikatar lafiya, akwai na Harasul Waɗani, dakarun tsaron ƙasa, akwai na asibitocin soja da na jami'o'i. Yaran ba ƙasida suke karantawa ba, waɗanda suka riga su shiga suke bi da tambaya, shin in kana iyada akwai istishari a kusa da za ka ƙwanƙwasa masa ƙofa ko an bar ka kai kaɗai ka toshe gurbin ma'aikaci, shin ranar karatu ta mako ana barinka ka je ko kullum a ce aiki ya yi yawa, mutum nawa suka ci bod bara, mace in ta haihu ya ake yi da ita, munawaba nawa ne a wata. Cibiyar da take kula da ma'aikatan hukuma ɗaya da iyalansu tana da tsari da kayan aiki, fayil ɗin kowa a kammale, wanda ya yi horo a markaz ɗin unguwa kuma zai ga duniya, talaka da mai kuɗi da baƙo da wanda bai taɓa ganin likita ba sai da ciwo ya ci ƙarfinsa. Makka kuma tana da abin da babu a Riyad, lokacin hajji ana baza likitoci a cibiyoyin Mina da Arfa, a 'yan kwanaki ka ga bugun rana da ƙafar mai suga da ta kumbura da alhajin da ya baro maganinsa a gida bai ma san sunansa ba.

Ita dai Makka ta saka a farko, kuma da na ce don kusa da gida ne ko, ta ce har da wannan amma babban dalilin Hausa ne. Na ce kamar ya? Ta ce Kawu tsofaffinmu na Hindawiyya da Misfala da Rusaifa suna jin Larabci su yi ciniki su yi gaisuwa, amma ciwo da Hausa suke jinsa. Tsohuwa za ta ce zuciyata ce take tashi, jikanta ya fassara da galbi, wato zuciyata, likita ya tura ta awon zuciya alhali amai take ji. Wani ya ce basir ne yake damuna, a Larabci bawasir abu ɗaya ne tak, mu kuwa kumburin ciki da rashin bayan gida da ciwon baya da kasala duk basir muke ce musu. Ga sanyi, ga shawara, ga jikina ya mutu, ga matar da ba za ta taɓa faɗin abin da yake damunta a gaban ɗanta namiji da ya zo yi mata tafinta ba, za ta ce ciwon kai ne a ba ta Panadol ta koma gida da abinta. Ta ce a imtiyaz sau da yawa ana kiranta daga wani sashe a ce zo ki ji me wannan Hajiyar take cewa, da ta ce sannu Inna ina ne yake miki ciwo sai ka ga matar ta kama hannunta ta fara magana kamar an kunce ta.

Duk wannan na faɗa wa Yaya a waya kusan awa ɗaya. Maganar igama ta wuce nan take har ta yi hamdala, ta usra kuwa ba ta gama saukowa ba, har yanzu in ƙawayenta sun tambaya cewa take yi yarinyar tana takassus, wato horon ƙwarewa, ba ta faɗin a me. Hajiya ce da labari ya kai mata ta sa aka kira mata jikar, ta ce a wane markaz za a saka ki, in na kusa ne a mayar da fayil ɗina can, yarinyar ta ce Hajiya ai ba a so likita ya riƙa duba 'yan gidansu, amma zan haɗa ki da wadda take koya min. Hajiya ta ce to ki gaya mata tun yanzu ledar maganina biyu ce.