Babban Ogan na Majami'ar Notre-Dame ta Paris: Tarihin Gyare-gyarensa

Babban ogan na Notre-Dame, wanda ke girke a saman ƙofar yamma ta majami'ar, yana cikin mafiya girman kayan kiɗa a ƙasar Faransa. Yana da bututu wajen 8,000, da jerin maɓallai 5 na hannu da ɗaya na ƙafa, da muryoyi 115 (kowace murya jerin bututu ce mai irin nata sautin). Aikinsa ya yi kama da na zugazugin maƙeri: ana tara iska a tura ta cikin akwatunan katako, idan makaɗi ya danna maɓalli sai ƙofa ta buɗe, iskar ta shiga bututu ya yi ƙara kamar sarewa. Wasu bututun tsawonsu bai wuce na alƙalami ba, wasu kuwa sun kai mita 10.

An fara kafa ogan a wannan gurbi a 1403. A wajajen 1733 François Thierry ya sake gina shi, kuma gidan katakon da ake gani yau daga zamaninsa ne. François-Henri Clicquot ya ƙara masa bututu a shekarun 1780. Lokacin juyin juya halin Faransa an sassare tambarin sarauta daga jikin katakon, amma bututun sun tsira.

Gyaran da ya ba shi muryar da aka san shi da ita na Aristide Cavaillé-Coll ne, wanda aka kammala a 1868 da muryoyi 86, 'yan shekaru bayan masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya gama gyaran ginin. Cavaillé-Coll bai zubar da tsofaffin bututun ba, ya haɗa su da nasa. Wannan ne ogan ɗin da Louis Vierne ya kaɗa tun daga 1900, har ya rasu a kan kujerarsa yana tsakiyar wasa a ranar 2 ga Yuni, 1937.

A zamanin Pierre Cochereau, wanda ya zama makaɗin ogan ɗin a 1955, aka mayar da sarrafa maɓallan zuwa lantarki, aka kuma ƙara muryoyi masu kaifi. Har yau masana na saɓani a kan wannan mataki: wasu na ganin an faɗaɗa abin da ogan ɗin zai iya, wasu na cewa an gusar da shi daga muryar 1868. Daga 1990 zuwa 1992 an saka masa kwamfuta, wadda ta yi ta ba da matsala. Bertrand Cattiaux da Pascal Quoirin suka sake gyara shi daga 2012 zuwa 2014.

Shekara biyar kacal bayan haka, a ranar 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta cinye rufin majami'ar. Wuta ba ta kai ga ogan ɗin ba, ruwan 'yan kwana-kwana ma kaɗan ne ya taɓa shi. Abin da ya yi masa illa ƙurar dalma ce: rufin na dalma ne, da ya narke sai ƙurar mai guba ta lulluɓe komai, ta shige cikin bututu da akwatunan iska. Ƙaramin ogan na sashen mawaƙa kuwa ruwa ya lalata shi.

An fara kwance babban ogan a watan Agusta na 2020, aka gama a Disamba. Kamfanonin ƙera ogan uku na kudancin Faransa suka raba aikin, a yankunan Vaucluse da Corrèze da Hérault. An wanke bututun ɗaya bayan ɗaya. Fatar tumaki da ke toshe kafofin iska ba ta wankuwa daga dalma, dole aka sauya ta. A 2023 aka fara mayar da kayan gurbinsu.

Mafi wuya shi ne daidaita murya, domin aikin kunne ne. Kowane bututu sai an saurare shi a cikin ginin kansa, an gyara bakinsa har ya dace da 'yan'uwansa. Da rana ƙarar magina ba ta bari a ji komai, saboda haka masu aikin suka koma yi da dare, na tsawon kusan wata shida.

A ranar 7 ga Disamba, 2024, wurin bikin sake buɗe majami'ar, Babban Bishop Laurent Ulrich ya yi wa ogan ɗin kira sau takwas da ya farka. A kowane kira makaɗa huɗu, Olivier Latry da Vincent Dubois da Thierry Escaich da Thibault Fajoles, suna karɓa-karɓa, suka riƙa amsa masa da kiɗan da suka ƙirƙira nan take.