Dokar lantarki ta 2016 da manyan tashoshin hasken rana: abin da ya shafi mutanen Maraɗi

Duk wanda ya zauna a Maraɗi cikin watan Agustan 2023 ya san inda wutar garin take fitowa, ko da bai taɓa tambaya ba. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya kuma ta katse lantarkin da take turowa, wanda a lokacin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, yake rabawa. Layin da ke ciyar da yankinmu ya taso ne daga Katsina ya shigo ta Gazawa, kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Masu walda da masu niƙa suka koma ga injin gazuwal, mai sayar da ƙanƙara kuwa ya riƙa buɗe firiji yana tarar da ruwa, har sai da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, wutar ta dawo a watan Maris.

Tun daga nan ake yawan tambaya: ƙasar da rana take gasa ta haka, me ya hana ta girka manyan tashoshin hasken rana, ta wadata kanta, har ta sayar wa maƙwabta? Doka dai ba ta hana ba.

Dokar da ta shimfiɗa wannan hanya ita ce mai lamba 2016-05 ta ranar 17 ga Mayu, 2016, wato kundin dokar lantarki. Ginshiƙinta shi ne cewa samar da wuta don jama'a, da jigilarta, da rarraba ta, da shigo da ita ko fitar da ita waje, duk aikin hidimar al'umma ne da ke hannun gwamnati, amma gwamnati tana iya ɗora wa wani kamfani nauyinsa bisa yarjejeniya da sharuɗɗa rubutattu. Sauyin da ya fi muhimmanci shi ne buɗe ƙofa ga masu zuba jari su gina tashar kansu su sayar da wutar. Akwai kuma hukumar ARSE, wadda aka kafa da wata doka ta watan Disambar 2015, aikinta sa ido kan wannan fanni, da nazarin farashi, da shiga tsakani idan saɓani ya taso.

Sai dai mai tashar ba zai ja waya zuwa gidajen unguwa ya riƙa karɓar kuɗi don kawai ya gina tasha ba. A al'ada yana ƙulla yarjejeniyar sayar da wuta da kamfanin da ke riƙe da layuka, ta shekara ashirin ko fiye, wadda take fayyace farashin kowane kilowat, da wanda zai ɗauki asara idan layi ya lalace wutar ta rasa inda za ta bi. Bankuna suna duba wannan takarda kafin su ba da ko dala, domin ita ce jinginar bashinsu. A ganina nan ne ya kamata 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula su fi zuba ido, saboda farashin da aka sa wa hannu yau shi ne zai biyo mu cikin takardar kuɗin wuta har 'ya'yanmu su girma.

Abin da aka gina zuwa yanzu bai taka kara ya karya ba idan aka auna da buƙata. Tashar Malbaza da ke jihar Tawa, mai ƙarfin megawat 7, ta fara aiki a 2018, sannan ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta biyo baya a 2023 da tallafin Faransa da Tarayyar Turai. Bankin Raya Afirka yana da babban shiri na samar da megawat 10,000 daga hasken rana a ƙasashe 11 na Sahel, kuma shirinsa na RANAA a Nijar ya tanadi tasha a Maraɗi.

Batun sayarwa waje kuwa ya wuce dokar ƙasa ɗaya. Tun 1999 ƙasashen yammacin Afirka suka kafa tsarin haɗa layukan lantarkinsu da ake kira WAPP, mai hedikwata a Kwatano, kuma a ƙarƙashinsa ne aka tsara babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil a Benin. Waya ba ta da gaba ko baya; wadda ta kawo wuta tana iya mayar da ita. A lissafi, Nijar za ta iya tura rarar wutar rana da tsakar rana, ta karɓi ta madatsun ruwa irin na Kainji da dare. Amma wannan layi yana yammacin ƙasa, nesa da mu, kuma Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, don haka duk cinikin da za a yi zai dogara ga yarjejeniyoyi da amanar da ke tsakanin ƙasashe, amanar da aka ga iyakarta a 2023.

Akwai kuma halin rana kanta, wanda babu ayar dokar da za ta canza shi. Faifan sola yana ba da ƙarfinsa ne daga hantsi zuwa la'asar, alhali gari ya fi jan wuta bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fitila da fanka da talabijin. Idan babu manyan baturan ajiya, ko wata tasha da za ta karɓi aikin dare, duhun yana nan. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfin faifan, sai an riƙa wanke shi, kuma ruwan wankin daga rijiyoyin yankin zai fito.

Ɓangaren da ya fi kusa da manomin Maraɗi shi ne fili. Tashar megawat 20 tana cin hekta gommai, a jihar da gonaki suka riga suka tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta shardanta cewa a biya diyya ta adalci kafin a karɓa, ba bayan an kafa shinge ba. Dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 2018 kuma ta wajabta bincike da sauraron jama'a kafin babban aiki ya fara. Matsalar ita ce gonaki da yawa ba su da takarda: wannan ta gado ce da ba a raba ba, waccan jingina ce, wata kuma aro ce da aka bai wa mace tana shuka gyaɗa da wake shekara da shekaru. Idan masu ƙidaya suka zo, sunan mai gona kaɗai ya fi saurin shiga littafi. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, a ƙarƙashin tsarinta kuma aka kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har gunduma, waɗanda ke iya ba da shaidar mallaka ko ta aro ko ta jingina, su kuma rubuta burtali da makiyaya don kada shinge ya toshe hanyar dabbobi. Neman wannan shaida ya fi sauƙi tun kafin a ga masu awo sun sauka da turakunsu.

Haka nan, kasancewar tasha a bayan gari ba ya nufin ƙauyen da ke jikin shingenta zai samu wuta, domin wutar tana hawa babban layi ne kai tsaye. Sai an kafa taransifoma, an ja ƙananan wayoyi, an sa wa gidaje na'urar ƙidaya, kuma wannan aiki ne dabam mai kasafinsa dabam, wanda hukumar bunƙasa lantarki a karkara, ANPER, take da hannu a cikinsa. Saboda haka idan aka kira taron sauraron jama'a a ƙofar hakimi ko a ofishin magajin gari, mutanen ƙauye suna da damar neman a rubuta cikin rahoton taron ko haɗa su da wuta yana cikin aikin, da wanda zai biya, da lokacin da za a yi, sannan su nemi a karanta musu abin da aka rubuta da Hausa kafin kowa ya dangwala yatsa.