Wa Ke Gadon Ƙuri'un Mamaci? Tambayoyi da Amsoshi kan Rikicin Kogi na 2015

A wata majalisa ta Hausawa mazauna Makka, ana shan shayi bayan sallar isha'i, wani dattijo da ya daɗe rabonsa da gida ya tambaya ko da gaske ne an taɓa rantsar da gwamna a Najeriya da ƙuri'un da aka kaɗa wa mamaci.

Me ya faru?

An yi zaɓen gwamnan Kogi ranar 21 ga Nuwamba, 2015. Abubakar Audu na APC ya sami ƙuri'a 240,867, gwamna mai ci Idris Wada na PDP kuma 199,514. Hukumar zaɓe ta ce zaɓen bai kammalu ba, domin masu rajista a rumfuna 91 da aka soke sun fi ratar da ke tsakanin 'yan takarar biyu yawa. Ranar da aka yi wannan sanarwa, 22 ga wata, Allah ya yi wa Audu rasuwa.

Me ya hana mataimakinsa hawa?

Nan gizo ke saƙar. James Faleke, abokin takarar Audu, ya dogara da sashe na 181 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce idan zaɓaɓɓen gwamna ya rasu kafin rantsuwa, mataimakinsa za a rantsar. To amma Audu bai kai ga zama zaɓaɓɓe ba, tunda ba a bayyana shi a matsayin wanda ya ci ba, kuma dokar zaɓe ta lokacin ta yi tanadin mutuwar ɗan takara kafin a fara jefa ƙuri'a ne kawai, ba a tsakiyar zaɓe ba. APC ta ɗauko Yahaya Bello, wanda ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani, aka ƙarasa zaɓe ranar 5 ga Disamba, aka haɗa masa ƙuri'un marigayin.

Faleke ya ƙi zama mataimaki, har aka rantsar da Bello ranar 27 ga Janairu, 2016 shi kaɗai.

Kotu fa?

A Satumba 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Bello, bisa fahimtar cewa jam'iyya ake zaɓa, ƙuri'un nata ne. A ganina hukuncin ya tsaya a kan harafin doka, amma bai gamsar da Igalawan da suka yi layi a rana domin Audu ba, suka wayi gari mulki ya koma hannun ɗan ƙabilar Ebira da sunansa bai fito a takarar da suka sani ba.

An toshe giɓin?

An toshe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce idan ɗan takarar gwamna ya rasu bayan an fara jefa ƙuri'a, kafin sakamakon ƙarshe, abokin takararsa ne zai ci gaba, ya zaɓi sabon mataimaki. Matsayin da Faleke ya nema ke nan, fiye da shekara biyar bayan kotu ta hana shi.