Waiwaye: Yadda Windows da Linux suka fara zama a laftof ɗaya

Wannan abu da ake cewa duwal but, wato ka kunna laftof ta tambaye ka Windows za ka shiga ko Linux, ba yau aka fara ba, kuma tun asali rigimar ɗaya ce, wa zai fara tashi idan an danna makunni.

A 1983 aka fito da tsarin MBR, wasu 'yan bayit 512 ne a farkon faifan ajiya, a nan kwamfuta ke dubawa ta san wa za ta tasa. Wurin ɗan mitsitsi ne, fatishan huɗu kacal yake ganewa, wato ɓangarorin da ake raba faifan. Da Linus Torvalds ya saki Linux a 1991 daga ƙasar Finland, mutane suna son gwadawa amma ba mai son rabuwa da DOS ko Windows ɗinsa, sai aka samu LILO a 1992, manhajar da ke ba ka zaɓin wanda za ka shiga, daga baya GRUB ya zo ya ture shi, shi ne wannan baƙin allon mai jerin sunaye da kake gani har gobe.

To Windows dai halin uwargida gare ta wadda ba ta yarda an yi mata kishiya ba. Kana sake ɗora ta sai ta rubuta nata a kan MBR ɗin ba tare da ta tambayi kowa ba, Linux na nan a ciki lafiya lau da fayilolinka amma babu hanyar shiga, shi ya sa masu gyara suke cewa ka fara sa Windows sannan Linux ya biyo baya.

Ubuntu, wani nau'in Linux, ce ta sauƙaƙa abin daga 2004. Kamfaninta Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, har faifan sidi yake aikawa kyauta ta gidan waya zuwa ƙasashen duniya kafin ya daina a 2011, lokacin data tana da tsada wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Sun kuma kawo Wubi a 2008, ka sa Ubuntu daga cikin Windows kamar wata manhaja ba sai ka yanka faifai ba, amma a 2013 suka ajiye shi. Apple ma ya shiga sahu a 2006 da ya koma furosesan Intel, ya fito da Boot Camp don a sa Windows a Mac, da M1, furosesan da Apple ya ƙera da kansa, ta zo a 2020 kuma zancen ya mutu.

Inda abin ya canza da gaske shi ne 2012, zuwan Windows 8. Microsoft ya ce duk sabuwar kwamfuta mai tambarinsa sai ta zo da UEFI, sabon tsarin tasa kwamfuta, da Secure Boot a kunne, ma'ana ba abin da zai tashi sai mai sa hannun da injin ya yarda da shi. Hujjarsu tsaro ce kuma gaskiya ba ƙarya ba ne, akwai bairos da ke laɓewa a wurin butin, wato tashin kwamfuta. Amma fa mafitar da 'yan Linux suka samu, wata 'yar manhaja shim da Matthew Garrett ya yi aiki a kanta, ita ma Microsoft ne ke sa mata hannu. A ganina nan ne zaman ya daina zama na daidai wa daida. An ga haka a Agustan 2024, wani ofdet na Windows ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu duwal but, alhali kamfanin ya ce ba zai shafe su ba.

Sai ƙananan haushi da ba su taɓa ƙarewa ba. Agogo misali, Linux yana ajiye lokaci a kan UTC, wato agogon GMT, ita kuwa Windows lokacin gari take ɗauka, shi ya sa a Najeriya da Nijar kana dawowa Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, mutumin Ghana bai ma san ana yi ba tunda lokacinsu daidai yake da UTC. Ga Fast Startup da ke sa Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai Linux ya ƙi yin rubutu a ɓangarenta.

Tun 2016 da WSL ta zo, manhajar Microsoft mai gudanar da Linux a cikin Windows, masu koyon kodin da yawa suka daina wahalar raba faifai, suna buɗe Linux ɗinsu a cikin Windows kawai. Yanzu wani dalili ne daban ke dawo da mutane wurin Linux, Windows 11 ta 2021 tana neman TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta, da sabon furosesa, kuma Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, laftof na hannu da yawa irin waɗanda ɗalibai ke saya ba su cika sharaɗin ba. Masu sababbin kuma BitLocker, makullin Windows da ke rufe faifai, shi ne matsalarsu, sau da yawa yana zuwa a kunne, kana taɓa saitin butin sai ya nemi lambobi 48 kafin ya buɗe maka faifanka, yawanci suna cikin akawun ɗinka na Microsoft, ka kwafe su a takarda tun kafin ka soka filash ɗin sa Linux.