Dokar Turanci a JAMB da 'yan ƙananan kalmomin da ke cinye maki

Duk wanda zai zauna jarrabawar shiga manyan makarantu a Najeriya, wadda ake kira UTME, darussa huɗu zai rubuta. Uku daga ciki sun danganta da abin da yake son karantawa. Na huɗun kuwa ba a tambayar ra'ayinsa, shi ne Use of English. Mai neman likitanci zai rubuta shi, mai neman aikin lauya zai rubuta shi, haka ma wanda burinsa ya karanci Hausa ko Larabci a Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Danfodiyo. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar. A 2010 ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejojin ilimi da na fasaha suka zama ɗaya, daga 2015 kuma aka ajiye fensir da takarda, kowa ya koma gaban kwamfuta. An yi duk waɗannan sauye-sauye, amma matsayin Turanci yana nan inda yake.

Ga yadda lissafin yake. Tambayoyi 180 ne gaba ɗaya, a cikin awa biyu. Kowane darasi daga cikin ukun nan yana da tambaya 40, Turanci shi kaɗai yana da 60. Jimillar maki 400 ne, kowane darasi 100. In ka raba minti 120 ga tambaya 180, za ka ga kowace tambaya ba ta da fiye da daƙiƙa 40. A cikin wannan ɗan lokaci ba a zama a tuno ƙa'idar nahawu daga farko. Ko dai kunnenka ya san amsar tun daga gida, ko ka canka.

Wannan ƙofa ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce sakamakon kammala sakandare. Jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, a zaman da bai wuce biyu ba, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. Kiredit na farawa ne daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya samu D7 a Turanci bai faɗi jarrabawa ba, amma bai cika sharaɗi ba, ko da kuwa ya tara maki 300 a JAMB. Yara da yawa a kan wannan gaɓa suke zaman gida na shekara guda, iyaye suna ta mamakin abin da ya hana.

Ana iya yin gardama a kan ko adalci ne a riƙa auna yaron da ya tashi a Gumel ko Argungu da harshen da ba ya jin sa sai a aji. Ni ma ina da ta cewa a kai. Sai dai Turanci shi ne harshen aikin gwamnati da na koyarwa a jami'o'in ƙasar, har sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce da shi Majalisar Tarayya za ta gudanar da harkokinta, Hausa da Ibo da Yarbanci kuma sai in an yi musu tanadin da ya kamata. Ɗalibin da ke da jarrabawa a gabansa ba zai jira a gama wannan muhawara ba.

Manhajar JAMB ta raba takardar Turanci kashi uku: fahimtar rubutu, sanin kalmomi da ginin jimla, sai kuma furuci. 'Yan ƙananan kalmomin nan da Turawa ke kira preposition, irin su in, on, at, of, to, for, with, by da from, ba a ware musu sashe na kansu ba. A warwatse suke. Za ka gan su a tambayoyin nahawu, za ka gan su a labarin da ake cire wa kalmomi a ce ka cike gurbi, za ka kuma gan su a inda ake ba ka jimla a ce ka zaɓi ma'anarta. Abin da ake ɗauka a matsayin daidai shi ne daidaitaccen Turanci na littafi, wanda a makarantunmu ya fi karkata ga na Ingila. Abin da ka saba ji a rediyo, ko a bakin wani babba a ofis, ko ma a bakin malaminka, ba hujja ba ne a wurin mai tsara tambaya. Hasali ma kuskuren da ya fi yawo a gari shi ake ɗaukowa a jera cikin zaɓin, don an san hannu zai kai gare shi.

Mu Hausawa matsalarmu tana da tushe guda biyu, kuma in ka gane su ka rage rabin aiki.

Na farko shi ne "a". Muna cewa a Kano, a bakin ƙofa, a ranar Litinin, a shekarar 2015, duk da kalma ɗaya. Bature ya raba wannan aiki gida uku. A wajen lokaci, "at" na tafiya da ƙayyadadden lokaci, kamar at 8 o'clock ko at noon. "On" na tafiya da rana ko kwanan wata: on Monday, on 1st October. "In" kuma na tafiya da lokaci mai faɗi, wata ko shekara ko damina: in March, in 2015, in the rainy season. A wajen wuri ma kusan haka ne. At the gate, wato a daidai wurin. On the table, a kan fuskar abu. In Kano, in the room, a cikin abin da ke da iyaka. Wannan duk ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya taɓa ji. Inda ake kamu shi ne wuraren da ƙa'idar ta karkace. Da safe in the morning ne, da yamma in the evening, amma da dare at night. Da zarar ka ambaci ranar kuma sai komai ya koma "on": on Monday morning. In ka sa last ko next ko this ko every a gaba, babu wata kalma da za ta shiga tsakani. Ana cewa I saw him last Friday, ba a cewa on last Friday. Hawa mota ma da nasa tsari: by bus in kana faɗin hanyar da ka bi, on the bus in kana cikinta, amma in the car ga ƙaramar mota, sannan mai tafiya a ƙasa on foot.

Na biyu, wanda a ganina ya fi ɓarna, shi ne "da". Tun a firamare aka koya mana cewa "da" shi ne "with", sai abin ya zauna a kai. To duba waɗannan jimloli na yau da kullum. Ya gamsu da sakamakon: satisfied with, nan an dace. Ya dogara da mahaifinsa: depends on. Ya bambanta da wansa: different from. Ya yi kama da nawa: similar to. Tana alfahari da ɗanta: proud of. Na gaji da jira: tired of waiting. Ya saba da zafi: used to, ko accustomed to. Jimla bakwai, duk da "da" a Hausa, amma a guda ɗaya kawai "with" ya yi aiki. Ɗalibin da ke fassarawa a zuci kafin ya danna amsa zai ci ɗaya ya faɗi shida, kuma zai fito yana jin ya yi ƙoƙari. Haka batun aure yake. She is married to a doctor shi ne daidai. In ka ce married with, sai dai 'ya'ya ne za su biyo baya, kamar married with three children, wato yana da aure da 'ya'ya uku.

Dalilin ke nan da ya sa ba na goyon bayan haddace ma'anar kowace ɗaya ita kaɗai. Waɗannan kalmomi kamar takalmi suke, ba a sayen ƙafa ɗaya. In za ka koyi "afraid", koye shi da "of" a manne. In za ka koyi "insist", ɗauke shi tare da "on". Good at, interested in, congratulate on, prefer to, superior to, capable of. Mutane da dama za su ce maka congratulate for, ko good in mathematics, ko prefer tea than coffee, kuma kowa zai gane abin da suke nufi. Kwamfutar JAMB ba ta ba da maki don an gane nufinka.

Bari mu kalli tambaya ɗaya kamar yadda za ta bayyana a allon kwamfuta. The committee will discuss ___ the matter tomorrow. A ƙasa an jera about, on, over, sai na huɗun da ke nuna ba a sa komai. Agogo na tafiya a saman allo. Zuciyarka ta ce "za su tattauna a kan batun", nan take yatsa ya nufi about ko on. Amsar ita ce ta huɗu, domin "discuss" kai tsaye yake faɗawa kan abin da ake tattaunawa, ba ya neman ɗan rakiya. 'Yan'uwansa su ne enter, reach, comprise, emphasise, request da resemble. He entered the class, ba entered into the class ba, duk da mu muna cewa ya shiga cikin aji. The team comprises eleven players, ba comprises of ba, alhali "consist" shi sai da "of". Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, da zarar kalmar ta tashi daga aikatau ta koma suna, sai ɗan rakiyar ya dawo: a discussion about the matter, a request for money, emphasis on grammar. "Enter into" ma yana da wurinsa, amma sai a yarjejeniya, kamar enter into an agreement. Saboda haka kafin ka zaɓa, duba ko kalmar aiki take yi a jimlar ko suna ce.

Masu tsara tambaya suna kuma son kalmomin kotu da na doka, wataƙila don kusancin ma'anarsu yana sa a yi musu kuɗin goro. Ana cewa accused of theft, amma charged with theft. Convicted of, acquitted of, sentenced to. A wajen bin doka kuma abide by, comply with, adhere to. Duk ukun biyayya suke nufi, kowanne da abokin tafiyarsa.

Since da for ba su da wuya in ka riƙe cewa since "tun" ne, yana nuna inda aka faro, for kuma yana faɗin tsawon lokacin. Since 2020, for five years. Since five years kuskure ne. On time daidai lokacin da aka sa, in time kafin lokaci ya ƙure. Beside kusa da, besides ban da. Between ga abubuwan da aka ware ɗaya bayan ɗaya, among ga taro. Bayan kowannensu kuma ana cewa me, him, us, shi ya sa between you and me ne daidai, ko da between you and I ya fi daɗin faɗi a bakin masu son burgewa.

Akwai wata "to" da ya kamata a tsaya a kanta. Mun saba ganin ta a gaban aikatau tsurarsa, kamar to go, to see. Amma a look forward to, object to, be used to da with a view to, ita ma tana cikin waɗannan ƙananan kalmomi ne, don haka aikatau ɗin da zai biyo ta sai ya ɗauki -ing. I look forward to seeing you. Wasiƙun neman aiki da yawa da "to see you" suke ƙarewa, kuma wannan kuskure zai bi ɗalibi har takardar insha'i ta WAEC, inda ake rage maki a kan kurakuran nahawu da rubutu. A rarrabe kuma tsakanin I used to walk, wato da can nakan yi tafiya, da I am used to walking, wato na saba da tafiya.

Game da shiri, tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma wasu littattafan da ake sayarwa a bakin makaranta suna ɗauke da amsoshin da ba daidai ba. Duk inda amsa ta ba ka shakka, buɗe ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford ko Longman, ka nemo aikatau ɗin ko sifar, ba ita ƙaramar kalmar ba. A ƙarƙashin "depend" za ka ga "on", a ƙarƙashin "accuse" za ka ga "of", tare da jimlolin misali. Ka ware littafi guda ka riƙa rubuta cikakkiyar jimla, ba kalma biyu kawai ba, ka karanta ta da ƙarfi har kunnenka ya fara ƙin wadda ba daidai ba. Littafin labarin da JAMB ke wajabta karantawa, wanda ake fitar da tambayoyi daga cikinsa, shi ma wurin tsinto irin waɗannan jimloli ne in ka karanta shi da biro a hannu.

A zauren jarrabawa, JAMB ba ta cire maki don an ba da amsar da ba daidai ba, saboda haka babu dalilin barin gurbi. In tambaya ta tsaya maka, fara zubar da zaɓin da ya yi daidai da fassararka ta Hausa idan ka san kalmar na cikin masu yaudara, ka zaɓi ɗaya daga sauran, ka danna N ka wuce. In lokaci ya rage, P zai mayar da kai baya ka sake dubawa kafin ka danna S ka miƙa.