Jawo tsuntsun hamingbad zuwa lambun gida

Hamingbad, wanda masu Faransanci da Sifaniyanci ke kira kolibri, ƙaramin tsuntsu ne mai shan zaƙin fure da ba a samunsa a daji sai a nahiyar Amurka, tun daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina da Chile. Nau'o'insa sun haura 350, kuma ƙasashen Kolombiya da Ekwado ne suka fi yawansu. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana Kyuba, nauyinsa kusan giram 2. Yana iya tsayawa cak a iska gaban fure, har ma ya tashi da baya. Sha-kauci na ƙasar Hausa ya yi kama da shi wajen dogon baki da ƙyallin gashi, amma ba dangi ɗaya ba ne.

Jawo shi lambu al'ada ce da ta bazu a Amurka da Kanada. A gabashin waɗannan ƙasashe, nau'in da aka fi gani shi ne mai jan maƙogwaro, wanda ke kada fukafukai kusan sau 50 a daƙiƙa. Lokacin sanyi yakan yi ƙaura zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya, wasu ma sukan tsallake Tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800, ba tare da sun sauka ba. Jikin da ke irin wannan aiki ba ya jure yunwa, shi ya sa tsuntsun ke wuni yana zagaya furanni.

Ginshiƙin lambun shi ne fure mai siffar kakaki, ja ko ruwan lemo, irin su salbiya. Masu lambu kan haɗa tsirrai da ke fure a lokuta dabam-dabam, domin kada abinci ya yanke daga bazara zuwa kaka. Tsirran asalin yankin sun fi na waje amfani. Sai kuma ƙwari. Zaƙin fure kuzari kawai yake bayarwa. Abin gina jiki daga ƙananan ƙwari da gizo-gizo yake zuwa, kuma da su uwa ke ciyar da 'ya'yanta. Da yanar gizo-gizo take ɗaure sheƙarta, wadda ba ta wuce rabin ƙwan kaza ba, ta yadda sheƙar ke buɗewa yayin da 'ya'yan biyu ke girma. Saboda haka wanda ke fesa maganin ƙwari a lambunsa, abincin tsuntsun yake kashewa.

Mutane da yawa sun fi dogara da kwalbar ruwan sukari da ake ratayewa. Haɗin da aka sani shi ne awo 1 na farin sukari cikin awo 4 na ruwa. Ba a sa zuma, don takan yi saurin tsami ta haifar da fumfuna mai cutar da harshen tsuntsun. Ba a buƙatar jan kala a ruwan, jan murfin kwalbar ya isa. Lokacin zafi ana canja ruwan duk kwana 2 ko 3, a wanke kwalbar tas. Wanda ba zai iya wannan hidima ba gara ya tsaya kan furanni, domin kwalbar da aka bari ta yi tsami cutarwa ce.

Namijin hamingbad mafaɗaci ne. Yakan zauna kan reshe yana gadin kwalba, duk wanda ya matso ya kore shi, don haka ake rataye kwalabe biyu ko uku inda ba sa ganin juna. Ana nisantar da su daga wurin da kyanwa za ta laɓe, ana kuma sa ƙaramin mazubin ruwa a saman igiyar don tare tururuwa.

Wannan al'ada ta shafi yaɗuwar tsuntsun kansa. Nau'in da ake kira Anna, wanda a farkon ƙarni na 20 ke hayayyafa a Kalifoniya da arewacin yankin Baja na Meziko kawai, yanzu yana kwana da tashi har Bankuba ta Kanada, har da lokacin sanyi, kuma masana na danganta hakan da furannin lambu da kwalaben sukari.